Makarantarmu Mai Ɗaki Uku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya maigidanki da yara? Ni lafiya lau, sai tsayuwa wankin tukwanen otal a nan ƙasar waje daga safe har magariba. Ruwan zafi ya tsattsaga min hannu, amma an saba.

Na ji dokar da majalisar jiha ke shirin yi. Wai duk makarantar da ba ta da filin wasa za a rufe ta, wadda ta tsira a ninka mata haraji. Yaya, mu da muka buɗe tamu da ɗaki uku da tsakar gida, ina za mu samo fili? Yaranmu sittin ina za su?

Kin ce in dawo mu je majalisa ranar jin ra'ayi. Fasfona yana hannun mai otal sai kwantiragi ya ƙare. Ƙuri'ar zaɓe ma ba zan iya kaɗawa ba, wai wanda ya shekara biyu a waje sai ya sake rajista da ƙafarsa. Abokin ɗakina ya ce, "Malam, ka fara koya wa tukwane karatu." Na yi dariya don kada ya ga idona.

Ki je ke kaɗai. In sun ba ki dama, ki karanto musu sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya. Na san ba zai hana komai ba, amma a ji su sau ɗaya a zauren nan kafin a kulle mana ƙofa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki.