Sakamakon Jinin Jaririya

Zuru, daren Laraba.

Da azahar wuta ta ɗauke a asibiti, sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke adana bayanan asibitin, ta mutu daidai lokacin da injin gwaji ya tura mata sakamakon jinin wata jaririya. Sista Rifkatu ta leƙo wurina: "Malam Bala, don Allah kada ka ce mu sake huda yarinyar nan."

Na san saba takan juye abin da ke ƙwaƙwalwarta a faifai duk bayan 'yan mintoci, ko in aiki ya taru, ta sa alamar cekfoyin, wato shaidar inda juyewar ta kai. In ta farfaɗo, daga nan take bin rajistarta, inda take rubuta duk abin da ya shigo nan take, ta maido da saura. Na zauna ina jiran janareta.

Janareta ya tashi, sakamako ya fito cif. Uwar jaririyar har ta samu motar komawa garinsu Mahuta kafin la'asar.