Sabis Ɗin da Ka Bar wa Obinna

Aminina Emeka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Shagonka yana nan, Madam ɗinka ta riƙe shi da kyau. Masu babura daga Mai'adua har yau wajenta suke sayen kayan gyara. Teburinmu na wasan ƙwallon tebur ya ɗan lanƙwashe, mun tokare shi da bulo. Ɗanka Obinna kuwa ya zama saurayi, kuma sabis ɗinka, wato bugunka na fara wasa, shi ne a hannunsa sak, har da buga ƙafar nan da kake yi don kada a ji ƙarar bat in ya bugi ƙwallo.

Ka tuna yadda ka wahalar da ni da sabis ɗin nan? In tura a hankali, ƙwallo ta faɗa raga. In ɗaga, ta tashi sama ka sheme ni da ita kana dariya. Sai da ciwo ya kwantar da kai ka faɗa min sirrin. Ka ce in daina kallon kafaɗa, in kalli inda ƙwallo ta taɓa robar bat ɗinka. In a bakin bat ne, yankakkiya ce mai juyi, sai in shiga ƙarƙashinta in goge ta sama da ƙarfi. In kusa da mariƙi ne, fanko ce mara juyi, tambarin jikinta ma ana gani, sai in ɗan kifa bat in make ta. A zaman nan kuma ka bar min amanar Obinna.

To, makon jiya aka zo Daura zaɓen wanda zai shiga tawagar jiha. Gurbi ɗaya ne, ya rage Obinna da ɗana Nura. Emeka, na ja Nura gefe na koya masa duk sirrin sabis ɗinka. Na ce wa kaina ai wasa ne, kowane uba haka zai yi. Amma na ga Obinna ya yi sabis na farko Nura ya goge ta, ya yi na biyu Nura ya make ta, sai Obinna ya tsaya yana duba bat ɗinsa. Nura ne zai tafi Katsina. Ban ji daɗin komai ba, wallahi.

Jiya Obinna ya zo gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya taya ni murna. Sannan ya ce yana ganin shi ne ya ɓata sabis ɗin babansa, ya ba ka kunya, in taimaka in gyara masa tunda ni na fi kowa sanin hannunka. Me zan gyara? Bai ɓata komai ba. Na dai ce masa ya dawo gobe da la'asar.

Zan faɗa masa gaskiya, ko da zai daina kirana Baba. Abin da na fi tsoro ke nan, don tun da aka tafi da gawarka gida, ni kaɗai yake kira da sunan.

Ka yafe min. Ka huta lafiya.

Naka, wanda ka ba amana,
Lawal