Kalmomi huɗu na Mushe Abdoulkadir

Litinin, 15 ga Afrilu 2024

An koma lakkwal bayan Salla. Mushe Abdoulkadir, mai koya mana Ingilishi, ya rubuta kalmomi huɗu a tablo: recover, restore, regain, get back. Ya yi bayani da Faransanci, ya ce duka suna nufin abu ya dawo hannunka ko ya koma yadda yake a da. Kowa ya kawo jimla da kowace. Ya nuna ni in maimaita ta farko. Bakina ya buɗe, ba abin da ya fito. Mardiya da ke zaune kusa da ni ta ce, "Mushe, Rufaida sai an sa mata batir." Aji ya yi dariya. Ban ji haushi sosai ba, na saba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Yaya Mu'awiya yana nan yadda yake. Tun da ya dawo daga Gana kafin azumi yake zaune a zaure, fuskarsa ga bango. Su biyu suka tafi haƙar zinariya, shi da Yaya Almu. Rami ya rufta, shi aka ciro da rai. Ƙafarsa ta warke, ɗingishi kaɗan ne ya rage. Magana ce babu.

Ni ke kai masa fura. Inna ta dama ta ce, "Kai ma wancan." Shi ne ɗan farinta, tun da nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ko ta zauna inda yake. Haka duk uwaye suke yi a nan Tama.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ya sha rabi.

Litinin, 22 ga Afrilu

Jiya da hantsi Yaya ya fita ba takalmi, sai can wajen fadama masu albasa suka gan shi suka rako shi gida. Baffa Rabo ya zo. Tun rasuwar Baba shi ke yanke magana a gidanmu. Ina tankaɗe a bayan ɗaki na ji yana ce wa Inna akwai wani mai magani wajen Madawa, can ake kai irinsu, a sa musu mari a ƙafa har su natsu. Ya ce, "In ruwan fari ya sauka yana hakanga, kai shi za mu yi." Inna ta ce, "To, Malam." Shi ke nan abin da ta ce.

Na taɓa ganin wanda aka sa wa mari. Ba na so in rubuta.

Asabar, 27 ga Afrilu

Abin mamaki yau. Cikin gida zafi, sai na ɗauki kaye ɗina, littafin da nake rubuta darasi, na zauna a bakin zaure ina karanta kalmomin a hankali. Ina ta cewa "rekobe, rekobe". Sai na ji daga baya, "Ba haka ba ne, ke. Wa ya koya miki?"

Na kusa yar da kayen. Muryarsa ta dushe kamar ta mai mura. Ya faɗi kalmar yadda ake faɗinta, ya ce ita likitan can ke gaya masa kowace safiya in ya zo duba ƙafar, wai za ka warke. Restore kuma, ya ce, a jikin shagon wani mai gyaran tsofaffin kujeru ya gan ta a Kumasi. Ita ta hannu ce, sai wani ya zauna ya gyara. Na tambaye shi get back. Ya juya ga bango.

Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Kullum yanzu in na ajiye furar sai in zauna da kayen. Wani lokaci ya gyara mini, wani lokaci shiru. Ya ce Ingilishin Mushe na littafi ne, in ya je Kumasi ko ruwa ba zai iya saya ba. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Na ce masa na sami misalin restore: fakonmu na kan tudu, wanda Baba ya fara haƙa wa tassa kafin ya kwanta ciwo. Ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki su tare ruwa, ƙasar da ta mutu ta sake ba da hatsi. Ya ce, "Har yanzu ba wanda ya ƙarasa?" Na ce wa zai ƙarasa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ya ɗauki diga ya hau tudu. Na bi shi bayan lakkwal don kada ya ɓace. Haƙa yake, ba ya kallon kowa. Baffa Rabo ya ce wannan ma alama ce, mai hankali ba ya haƙa da tsakar rana.

Litinin, 20 ga Mayu

Hadari ya taso ta gabas ya watse. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba sai bana, Allah ya yafe mini.

A gona ya ajiye diga ya ce, "Rufaida, Inna na fushi da ni ko?" Na ce a'a. Ya ce, "Ni na ce ma Almu ya biyo ni. Tun da na dawo ba ta dube ni ba." Na ce ai Yaya ka san kunyar ɗan fari ce, dā ma haka take. Ya ce, "Na sani. Dā na san kunya ce. Yanzu ban iya rabewa."

Talata, 21 ga Mayu

Na yi niyyar gaya wa Inna. Na tsaya a bakin madafa har ta ce, "Mi kike so?" Na ce gishiri.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na faɗa.

Muna surfe, ita da taɓarya ni da taɓarya, ba sai na kalli idonta ba. Na ce, "Inna, Yaya na zaton kin riƙe shi a rai saboda Yaya Almu." Taɓaryarta ta tsaya. Ta ce, "Ke, yaushe bakinki ya buɗe haka?" Na ce shi ya faɗa mini. Na ce kuma in aka kai shi wajen mari da wannan a ransa, ba zai dawo ba. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta ce in wuce in ɗebo ruwa. Da na dawo surfen yana nan yadda na bar shi.

Asabar, 25 ga Mayu

Da safe Inna ta cika kwando da takin awaki, ta ɗora mini tulu, ta ce mu je. Ba ta ce ina ba.

A fako muka iske Yaya. Yana haƙa, ita tana binsa a baya tana zuba taki rami rami. Matan da ke wucewa itace suka tsaya kallo, ɗaya har da riƙe baki. Da rana ta ɗaga Inna ta ɗebi ruwa a moɗa, ta zagaya ta gabansa ta tsaya. Ta ce, "Mu'awiya. Sha ruwa."

Sunan ya fito wani iri a bakinta, kamar ni da Ingilishi. Ya karɓa da hannu biyu. Bai sha ba, ya durƙusa a nan cikin ramukan, kafaɗunsa na girgiza. Inna ta dafa kansa ta ce, "Allah ya ba ni ku biyu maza, ya amshi guda. Kai ma so kake ka tahi?" Na koma gindin aduwa na ba su baya.

Talata, 11 ga Yuni

Ruwan fari. Ramuka sun cika taf. Baffa Rabo ya zo da yamma, Yaya ya fito ya gaishe shi, ya ce yana neman aron irin gero tiya biyu. Baffa ya dube shi, ya dubi Inna, ya ce a aiko a ɗauka. Bai ambaci Madawa ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Gero ya kai gwiwa a fako. Wani wurin ya ƙi. Yaya na da ranakun da yake komawa zaure, amma yana cin tuwo.

Litinin, 14 ga Oktoba

Sabon aji, Mushe ɗin dai shi ne. Ya ce bari ya ga wa ke tune da na ajin baya, ya rubuta recover. Hannuna na gani a sama. Na ce yayana yana warkewa, da Ingilishi, har na bayan aji suka ji. Mardiya ta ce, "Wa ya sa mata batir?" Na ce mata na hasken rana ne, ba ya ƙarewa. Ita aka yi wa dariya. Ba wani abu ba ne.

Yaya ba ya duba mini kaye yanzu, kullum yana fada wajen abokansa suna shan shayi. Ban damu ba. Get back ce kawai har yau ban yi wa jimla ba, shi ma bai ce komai a kanta ba.

Da magariba Inna ta dama fura ta miƙo mini ta ce, "Kai ma wancan." Yana tsakar gida yana alwala, ya ji. Ya ce, "Wancan ya gode." Inna ta ja mayafi ta rufe baki ta shige ɗaki.