Alƙaluman Gidan Hudu

Litinin, 6 ga Maris, 1989

Kwamfutar ofis ta mutu da hantsi. Magdalina, 'yar Zonkwa mai aiki da ita, ta kunna sai ƙis-ƙis kawai, allo baƙi ƙirin. A cikinta awon rijiyoyin ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi yake, na shekara uku, wanda da shi za a zaɓi ƙauyuka goma sha biyu a haƙa musu burtsatse. Takardun asali gara ta cinye su a sito tun daminar bara. Injiniya Atiku, shugabanmu, ya dafe kai. Magdalina har da hawaye.

Ni baranda na fita don kada a ga fuskata. Daɗi na ji. Allah ya yafe mini.

Talata, 7 ga Maris

Bari in rubuta tunda ba mai karantawa. Ni ne mai awon. Ni Dalhatu, hedimasta shekara goma sha ɗaya kafin korar ma'aikata ta saba'in da biyar ta haɗa da ni, yau ni ake miƙa wa babur da igiya mai ƙulle-ƙulle in je in zura a rijiya. Ƙauyukan kusa ina zuwa. Na nesa, guda biyar, ban taɓa taka su ba. A rumfar mai shayi a Kurfi nake zama in cika musu takarda da ka. Gidan Hudu, can bayan Wurma, kullum mita takwas nake ba su, ruwa rani da damina. Cewa nake ai ba abin da za a haƙa, aikin takarda ne kamar sauran.

Sai ga shi za a haƙa da gaske. In abin ya mutu murus, dole a sake awo daga farko. Ba wanda zai sani.

Alhamis, 9 ga Maris

An aika Kaduna a kira mai gyara. Ba zan rubuta addu'ar da na yi ba.

Litinin, 13 ga Maris

Ya zo. Tomas sunansa, siriri, mai yawan dariya. Ya kwance kwamfutar ya zaro wani ƙarfe kamar rabin bulo. Ya ce, "Wannan ne faifan ciki, Baba. Bai mutu ba, maƙalewa ya yi. Zan tashe shi sau ɗaya tak. In ya tashi, wuta ba za ta ɗauke ba sai mun kwashe, in ba haka ba shi ke nan."

Na ce, "Kai kuma boka ne?" Ya ce, "Boka mai sukurdireba."

Ya riƙe ƙarfen a tafin hannu ya fizga shi gefe da ƙarfi, sau biyu, ya mayar ya jona. Aka ji yana juyawa, wuuu. Magdalina ta tafa hannu. Injiniya ya ce a tashi janareta, a sa babban mutum ya tsare shi kada ya mutu. Babban mutum. Ni aka sa.

Awa biyu ina tsaye bayan ofis da jarkar mai, su suna ciki suna kwashewa a ƙananan fayafayai. Makunnin yana nan dab da gwiwata. Na dube shi ya fi sau ashirin. Ban taɓa ba. Kada in yi wa kaina ƙarya, ba tsoron Allah ba ne, tagar Injiniya ce a buɗe.

Talata, 14 ga Maris

Kusan komai ya dawo. Tomas ya ce wuri ɗaya ne ya karce a faifan, ba ya karantuwa. Awon Karofi ne, wanda na yi da gumina, rijiya-rijiya, har na faɗi da babur a yashi. Shi ya ɓace. Na Gidan Hudu ko ɗigo bai ɓata ba. Mita takwas, mita takwas, reras.

An sayo lemo a ofis. Na sha.

Alhamis, 16 ga Maris

An liƙa jerin ƙauyukan, Laraba mai zuwa za a kai Katsina. Babu Gidan Hudu. Mai ruwa a mita takwas me zai yi da burtsatse?

Asabar, 18 ga Maris

Na je. Ban san me ya kai ni ba. Sai da na yi tambaya sau uku kafin in gane hanya.

Mai unguwa Hudu tsoho ne mai ido ɗaya. Da ya ga igiya a bayan babur sai ya miƙe tsaye. "Malam, kai na awon? Shekara ukku muna jin labarin za a zo." Ya raka ni bakin rijiya. Na zura, na zura, igiyata mai mita ashirin ta ƙare, na jawo ta a bushe. Ya ce gaba goma sha huɗu ce, kuma tun bayan girbi take ƙafewa. Mata tun asuba suke tafiya rafi su tona yashi, sai hantsi su dawo da tulu ɗaya.

Ya sa aka kawo mini ruwa a ƙoƙo, ja-ja, an tace da gyale. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Haba Malam, baƙo bai komawa da ƙishi garin ga." Na sha. Har yanzu yana nan a wuyana.

Da zan tafi ya riƙe kan babur: "To mi kuka rubuta muna can?" Na ce ana dubawa.

Litinin, 20 ga Maris

Na sami Magdalina ita kaɗai. Na ce ko za ta gyara mini wani ɗan kuskure, takwas ta koma ashirin. Ta ce, "Baba Malam, ni na buga su da hannuna. Rijiyar da shekara uku ba ta sauka ba, ba ta hau ba? Na yi shiru ne don girmanka." Ta ce ba za ta taɓa ko alƙalami ɗaya ba sai da sa hannun Injiniya. Sa'ar 'yata.

Na tsaya ƙofar Injiniya har aka kira azahar. Sannan na shiga. Na faɗi duka biyar ɗin, da sunayensu. Bai ɗaga murya ba, gara ma ya ɗaga. Cewa ya yi, "Malam Dalhatu, da yaro ne ya yi maka haka kana hedimasta, me za ka yi masa?"

Laraba, 22 ga Maris

An dakatar da kai jerin har mako biyu. Injiniya ya je Gidan Hudu da kansa jiya da doguwar igiya, ya dawo ya sa sunansu na uku. Ni aikina ya ƙare ƙarshen wata, an karɓe makullin babur. Ya ce sauran huɗun zai nemi mai aunawa.

Asabar, 25 ga Maris

Na ari keken maƙwabci. Ba wani abu ba ne, zaman gida ne ba na so. Biyu daga cikin huɗun na samu zuwa, can yankin Birchi: mita goma sha ɗaya, da goma sha shida da rabi. Na auna kowace sau biyu, na sa masu unguwa suka dangwala yatsa a ƙasan takarda. Ko za su karɓa a ofis, oho.

Cinyoyina kamar an yi musu duka. Larai matata ta ɗora mini ruwan zafi, tana ta mita wai tsoho da keke. Na ce ta tashe ni da asuba.