Bizne a Gonar Tasalla

Illela, farkon watan Mayu

Zuwa ga ɗana Sila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji Yesu, ko da ka ce ka daina amsa irin wannan gaisuwa. Bakina ya riga ya saba. Ina fata kana lafiya, kai da yaran da kake koya wa kimiyya a Sakkwato. Ni lafiya lau, sai gwiwa, sai kunnen nan da ya ɓata tsakanina da waya, shi ya sa nake ba direba takarda.

Saƙonka ya iso. Ka ce tun da muka rufe mahaifiyarka Tasalla bara, bayan duk addu'ar da aka sha yi a majami'a, ka duba sama ka ga babu kowa. A gindin gawo na karanta, kuma ban yi fushi ba. Ka ce abin da ido bai gani ba, babu shi. To, ni a bakin iyaka na tsufa, ban taɓa ganin ta ba. Shanun maƙwabcinmu Jaɓɓo ma ba su yarda akwai ta ba, amma ka nufi Konni ba takarda ka sha labari. Na san wannan ba hujja ba ce, tsokana ce irin ta tsoho.

Ga dalilin rubutuna. Lokacin bizne ya yi, shukar da muke yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Irin geron da mahaifiyarka ta zaɓa da hannunta yana nan rataye a rumbu, shi ne na ƙarshe, kuma ƙwari sun fara leƙa shi. In bai shiga gonarta ta Gidan Katta bana ba, ya ƙare ke nan. Aikin na mutum biyu ne: ni a gaba ina sara da sungumi, wani a baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. Bayana babu kowa. Ka zo. Gonar ba ta tambayar mai shuka mi ya gaskata.

Babanka,
Barnaba

Illela, tsakiyar Mayu

Ɗana Sila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na ga amsarka. Ka ce bizne caca ce, yayyafi kaɗan zai iya tsirar da iri, rana ta ƙone shi. Gaskiyarka. An yi mana haka, mun kuma sake shukawa.

Jaɓɓo ya ce zai bi bayana, wai in dai ban ji kunyar a ce Bafillace ya koya wa Kirista noma ba. Na gode masa, na ce ina jiran ɗan mai gonar.

Jiya da rana tsaka barci ya ɗauke ni a gindin gawon. Sai na gan ni ina sara, ƙasa tana walƙiya kamar ruwa, ina jin sawun mahaifiyarka a baya. Ta tsaya a ramin farko yadda ta saba, ta ce: “Ubangiji, ga ajiya.” Layin shuka ya yi ta miƙewa, ya wuce gonarmu, ya wuce shingen jami'an iyaka, ba wanda ya tare ta. Na so in waiwaya, na ji tsoron kada in tarar ba kowa. Na farka da sungumi a cinya.

Ka ga ni ma na san wannan tsoro, Sila. Ranar da muka rufe ta ban ji komai daga sama ba, shiru kawai. Sai dai na yi shekaru ina shuka cikin irin wannan shiru, ban taɓa ɗauka cewa gonar ba ta da mai ita ba. Cikin almajirai sha biyun nan ma akwai wanda ya ce sai ya taɓa da hannunsa. Ubangiji Yesu bai kore shi ba, hannu ya miƙa masa.

Gabas ta fara nauyi da yamma. Kada ka daɗe.

Naka,
Baba

Illela, watan Yuni

Ɗana Sila,

Ina gaishe ka, ina fata ka koma lafiya, kuma bayanka ya daina ciwo. Jaɓɓo yana gaishe ka. Ya ce shanunsa sun fi ka iya bin layi.

Ruwa ya sauka ranar Alhamis, mai yawa, har ƙasa ta ƙoshi. Yau na je gona. Gero ya fito, siriri, kore, yana rawa cikin iska. Layukanka a karkace suke, sak na mahaifiyarka. Na daɗe a tsaye ina kallo.

Akwai abin da ban faɗa maka ba kafin ka tafi. Kunnen nan nawa yana zaɓen abin da zai ji. Da ka sunkuya a ramin farko, iri a tafin hannunka, na ji ka ce a hankali: “Ga ajiya.” Ba ka ambaci suna ba, ni kuma ban waiwaya ba. Wataƙila bakinka ne kawai ya tuna da ita. Ba zan tambaye ka wa ka ba ba, ba kuma zan kai labari majami'a ba.

Ina dai sanar da kai, an karɓa.

Ciyawa ba za ta jira mu ba, ka taho da fartanya. Allah ya kiyaye mini kai, ko kana dubansa ko ba ka duba.

Mahaifinka mai ƙaunarka,
Barnaba