Tafkin Inna Hadiza

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki? Ya Malam da yara da mutanen Damagaram? Mu nan ƙasa mai tsarki, a unguwar Waziriyya, lafiya lau, sai kewarki.

Tafiyar nan da kika yi ta nacin mu yi, har aka rushe unguwarmu ta Karantina kika koma gida, to ga ta ta taso. Ɗanki Halidu ya samu hutu wurin kafilinsa, wato ubangidansa. Za mu bi hanyar bakin teku, mu kwana Yanbu, mu wuce Umluj. Duk inda muka ga tudu za mu tsaya mu ɗan taka, mu hango ruwa.

Kin tuna ranar da kika fara ganin bahar kika ce, "Kai, wannan tafki da girma yake!" yara suka yi ta dariya? Halidun da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, jiya yana duba tayoyin mota ya ce mini, "Yalla Umma, sai tafkin Inna Hadiza!" Shi dariya yake. Ni kuwa ɗaki na shige.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Kujerar taga ta ɓangaren ruwa, na ce kada a ɗora mata kaya.

Ƙanwarki,
Rabi