Tauraron da Bai Kama Wuta Ba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya farfasa min yatsu.

Na ji Kawu yana cewa na ɓata shekara huɗu a kan tauraron da ya kasa zama tauraro. Gaskiyarsa, nauyinsa bai kai ya kama wuta kamar rana ba. Amma jiya ina juya gilashin tace haske a na'urarmu ta hangen taurari, sai hasken tauraron ya riƙa ƙaruwa yana raguwa, alamar shi ma yana da nasa gajimaren da ya lulluɓe shi. Malamina ya ce kuskurena ne. Sau tara na maimaita, sakamakon bai canza ba.

Ki gaya wa Kawu ba inda za ni sai na gama. Wanda bai kama wuta ba ma yana da zafinsa.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki